Sumunin Gado da Kewayen Rumbu: Sharhi a Kan Rabe-raben Lambobi

Cikin darussan lissafi da ke rikita ɗaliban sakandare, daga makarantun Sabon Birni da Isa har zuwa na cikin birnin Sakkwato, akwai na rabe-raben lambobi. Malami zai jera lambobi a allo, ya ce a ware waɗanda ake kira rashanal daga waɗanda ake kira irrashanal. Yaro ya ga 0.333... ta ƙi ƙarewa, sai ya jefa ta cikin kashi na biyu. Ya ga π, ya tuna an ce masa 22 bisa 7 ce, sai ya sa ta cikin kashi na farko. Duka biyun ya kuskure, kuma akwai manya masu takardun shaida da za su ba da amsa irin tasa.

Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, yaron da ya tashi a Tsamaye ta Sabon Birni a cikin waɗannan lambobi ya girma. Ya ga an fitar da dami ɗaya cikin goma na zakkar gero. Ya ji malami yana faɗin sumuni da sudusi ranar rabon gado. Ya ga magini ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zana da'irar rumbu a ƙasa. Zakka da gado aikin kashi na farko ne, da'irar rumbu kuwa ita ce ƙofar kashi na biyu. Rabe-raben kuma a kan tambaya guda suka tsaya: ana iya rubuta lambar nan daidai, ba ragi ba ƙari, a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba, ko ba a iyawa?

Ma'anar kalmomin

Lambobin ƙidaya su ne 1, 2, 3, har abin da ba iyaka, waɗanda ake ƙirga tumaki da damman hatsi da su. Littattafai na yi musu alama da harafin N.

Idan aka ƙara musu sifiri da lambobin da ke ƙasa da sifiri, wato −1, −2, −3, an sami cikakkun lambobi, waɗanda ake kira intija a aji, alamarsu Z. Lambar ƙasa da sifiri ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa. Wanda ke da naira 5,000 a aljihu kuma ana bin sa 8,000, matsayinsa −3,000 ne. Masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, da kalmomin dukiya da bashi ya bayyana ƙa'idojinsu a littafinsa na shekarar 628.

Rashanal su ne za a kira lambobin kaso a wannan sharhi: duk lambar da za a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba, muddin ta ƙasan ba sifiri ba ce. Alamarsu Q. Sunan na makaranta ya fito ne daga kalmar da ke nufin gwargwadon abu a kan abu, bai shafi hankali ko rashinsa ba. Rabi da rubu'i da 3 bisa 27 duk suna ciki. Haka ma 7, domin 7 bisa 1 ce, da sifiri, da −4. Kowace lambar ƙidaya cikakkiyar lamba ce, kowace cikakkiyar lamba kuma lambar kaso ce, kamar yadda ɗan Tsamaye yake ɗan ƙaramar hukumar Sabon Birni, yake kuma ɗan jihar Sakkwato a lokaci guda.

Irrashanal su ne lambobin da wannan rubutu ya gagare su, don haka za a kira su gagara-kaso. Suna da wuri tabbatacce a kan ma'auni, amma ba wasu cikakkun lambobi biyu da za a ɗora ɗaya bisa ɗaya su ba da su daidai.

Idan aka haɗa lambobin kaso da gagara-kaso, an sami lambobin haƙiƙa, alamarsu R. Su ne dukan lambobin da ke da mazauni a kan miƙaƙƙen layi mai sifiri a tsakiya. Kowace lambar haƙiƙa ko dai ta kaso ce ko gagara-kaso, ba mai zama duka biyu, ba kuma ta uku.

Saura kalma ɗaya, saiwa. Saiwar lamba ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da waccan. Saiwar 9 ita ce 3, ana rubuta √9. Larabawa na ce mata jazar.

Gado da zakka

Tun kafin makarantar boko ta iso ƙasar Gobir, malaman zaure suna aiki da lambobin kaso a matakin da ya wuce na ajin farko na sakandare. Kason magada da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Mai karatun fara'id a Risala ko a Muhtasar yakan fara ne da neman asalin mas'ala, wato lambar da dukan kason da suka haɗu za su fita daga cikinta ba tare da ɓallewa ba. Wannan ita ce lambar da malamin boko ke sa ɗalibai su nema kafin su tara kaso biyu masu ƙasa daban.

A duba mas'alar da aka sani da Mimbariyya. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa. Asalin mas'alar 24 ne. Matar na da sumuni, wato 3. 'Ya'yan na da sulusi biyu, wato 16. Uba da uwa kowanne na da sudusi, wato 4 da 4. Jimilla 27, ta haura 24. Sai a yi auli, a mayar da asalin ya koma 27, kowa kasonsa ya ragu gwargwado. Sumunin matar ya koma 3 bisa 27, wato 1 bisa 9.

Idan dukiyar naira miliyan ɗaya ce, kalkuleta za ta nuna kason matar 111,111.111..., ɗaya na bin ɗaya har allon ya cika. Duk da haka ba malamin da zai ce ba a san kason matar ba. An san shi sarai, ɗaya cikin tara ne. Rubuta shi da ɗigo ne ya ƙi ƙarewa.

Zakka ma haka take: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga abin da aka shayar da wahala kamar hatsin noman rani, ɗaya cikin arba'in ga kuɗi. Dangantakar nan tsohuwa ce, domin littafin Al-Khwarizmi na Bagadaza, wanda aka rubuta wajen shekarar 820 kuma daga sunan littafin aka sami kalmar aljabara, babban ɓangarensa a kan gado da wasiyya yake.

Dalilin da ya sa wasu ba sa ƙarewa bayan ɗigo

Nan ne tushen ruɗani na farko. Ɗalibi ya haddace cewa gagara-kaso ba ta ƙarewa, sai ya ɗauka duk wadda ba ta ƙarewa gagara-kaso ce.

Tsofaffin da suka yi ciniki kafin naira za su fi kowa saurin gane kuskuren. Kafin 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, ke nan fam kwabo 240. Sulusin fam sule 6 ne da kwabo 8. Sudusinsa sule 3 da kwabo 4. Sumuninsa sule 2 da sisi. Duk kason gado shida suna fita daga fam ba ko anini a ƙasa. Da naira ta zo da kwabo 100, sai sulusi ya zama kwabo 33.333..., sudusi 16.666.... Sulusi yana nan yadda yake, ƙirgen goma-goma ne bai dace da shi ba. Goma ba ta rabuwa sai da 2 da 5, saboda haka kason da zai ƙare bayan ɗigo shi ne kawai wanda, bayan an rage shi iyakar raguwa, lambarsa ta ƙasa ta ginu daga 2 da 5 zalla. Shi ya sa sumuni ya tsaya a 0.125, ɗaya cikin arba'in ya tsaya a 0.025, amma sulusi da sudusi da tusu'i, wato ɗaya cikin tara, suka zarce.

Sai dai zarcewarsu tana da doka: dole su koma suna maimaita kansu. A raba 1 da 7 da hannu a gani. A kowane mataki akwai saura, kuma sauran ba zai wuce 1 zuwa 6 ba. Tunda shida ne kawai, komai daɗewa sai wanda aka taɓa gani ya dawo, da ya dawo kuwa aikin ya koma baya. Abin da ke fitowa shi ne 0.142857142857..., alƙaluma shida suna zagayowa. Haka abin yake ga kowane kaso.

Ana iya komawa ta baya kuma. A ɗauki 0.272727.... A ninka ta sau 100, ta zama 27.272727.... A cire ta farko daga ta biyu, wutsiyar ta tafi, 27 ta rage. Ninki 99 na lambar ke nan ya ba da 27, don haka lambar 27 bisa 99 ce, wato 3 bisa 11. Da wannan hanya ake gane cewa 0.999... daidai take da 1, abin da mutane da yawa ke musu a kansa, alhali sulusi uku ne aka tara.

Ƙa'idar ke nan: mai ƙarewa da mai maimaitawa duk lambobin kaso ne. Gagara-kaso ita ce wadda ba ta ƙarewa kuma ba ta maimaitawa. A lura, tsari daban ne, maimaitawa daban. Lambar 0.101001000100001..., inda sifiri ke ƙaruwa da ɗaya kowane zagaye, tana da tsarin da yaro zai gane, amma ba wani gungun alƙaluma da ke dawowa yadda yake, don haka gagara-kaso ce.

Igiyar da ta gagari kaso

Magina na da dabarar daidaita kusurwar ɗaki. Su auna ƙafa 3 a bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, in tsakanin alamomin biyu ya ba da ƙafa 5, kusurwa ta miƙe. Dalili shi ne 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25, wadda ita ce 5 sau 5. Ƙa'idar da ake jingina wa Fitagoras na Girka ke nan.

Yanzu a ɗauki murabba'i, kowane gefe mita ɗaya, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Bisa waccan ƙa'ida, tsawon igiyar in an ninka shi da kansa zai ba da 1 da 1, wato 2. Tsawon igiyar √2 ne ke nan. Igiyar tana hannu, ana ganinta, ana iya yanke ta. Mene ne kasonta?

A gwada 7 bisa 5: ninkinta da kanta 1.96, bai kai ba. A gwada 17 bisa 12: 2.0069, ya wuce. A gwada 41 bisa 29: 1.9988. A gwada 99 bisa 70: 2.0002. Ana ta matsowa, ba a sauka a kan 2 ba. Mutum zai iya cewa haƙuri ne bai kai ba, in an ci gaba za a dace. Hujjar da ta rufe wannan fata gajera ce, kuma ba ta buƙatar komai sai sanin shafa'i da wutiri, wato lamba mai rabuwa biyu daidai da wadda ba ta rabuwa.

A ƙaddara an sami kason, a kira ta sama A, ta ƙasa B, kuma an rage shi har ba sauran lambar da ke raba su duka biyu. Tunda ninkin kason da kansa 2 ne, to A sau A daidai yake da ninki biyu na B sau B. Duk abin da yake ninki biyu shafa'i ne, don haka A sau A shafa'i ne. Wutiri sau wutiri kullum wutiri yake bayarwa, ke nan A kanta shafa'i ce. Shafa'i sau kanta kuwa tana rabuwa huɗu, kamar 6 sau 6 da ke ba da 36. In A sau A na rabuwa huɗu, rabinsa shafa'i ne, rabin nan kuma shi ne B sau B. Ashe B ma shafa'i ce. To ga A shafa'i, ga B shafa'i, 2 na raba su duka, alhali an ce ba abin da ke raba su. Ƙaddarawar ta rushe kanta. Babu irin wannan kaso, kuma ba za a taɓa samunsa ba.

Ma'anar wannan a aikace tana da nauyi. A kasuwannin kan iyaka, mutanen Maraɗi da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya dala 200. Abin da yake cikakke a ƙirgen sefa yana iya zama kaso a ƙirgen dala, amma in an ƙanƙanta ma'auni sai kowa ya koma cikakke. Haka duk lambobin kaso biyu suke, akwai ƙaramin ma'aunin da zai auna su tare. Gefen murabba'i da igiyar kusurwarsa ba su da irin wannan ma'auni. Ko a sauka daga mita zuwa milimita zuwa abin da ido ba ya gani, in ma'aunin ya cika gefen daidai, zai bar saura a igiyar.

Wannan lamba tana ko'ina. Gona mai mita 100 kowane gefe, wato hekta ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa mita 141.42 ce da 'yan kai. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, ƙafa 16.97. Takardar A4 da ake buga takardun makaranta a kai, milimita 297 ce da 210, wato 99 bisa 70 ɗin nan da aka gwada a sama, an zaɓe shi ne don in an naɗe takardar biyu siffarta ba ta canjawa.

Ba kowace saiwa ce gagara-kaso ba. √9 da √144 cikakku ne, saiwar 9 bisa 4 kuma 3 bisa 2 ce. Amma √2, √3, √5, da saiwar duk lambar ƙidayar da ba ta fito daga ninka wata da kanta ba, gagara-kaso ne. Ganin layin bisa ma ba ya isa hujja: √2 bisa 2 gagara-kaso ce, domin ta saman ba cikakkiya ba ce.

Batun 22 bisa 7

Lambar π, da ake furtawa fai, ita ce amsar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta ta tsakiya. Ko bakin rijiya ne, ko faifai, ko gindin rumbu, amsar ɗaya ce: 3.14159265 da abin da ke biye.

Shi kuwa 22 bisa 7, in an raba, 3.142857142857... yake bayarwa. Sun rabu tun a alƙalami na uku bayan ɗigo. Arkimidis na Girka, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa π ta fi 223 bisa 71, kuma ba ta kai 22 bisa 7 ba. Wato wanda aka fi danganta kason da shi ya kawo shi ne a matsayin iyaka ta sama. Zu Chongzhi na Sin ya kawo 355 bisa 113 a ƙarni na biyar, wanda ya fi kusa nesa ba kusa ba. Jamshid al-Kashi ya fitar da alƙaluma 16 bayan ɗigo a Samarƙand a 1424. Sai a 1761 Johann Lambert ya kafa hujjar cewa π gagara-kaso ce.

Ga rumbu mai faɗin mita 3, wanda ya yi aiki da 22 bisa 7 zai kuskure kewayen da abin da bai kai milimita 4 ba, kuskuren da ba magini ɗaya da zai damu da shi. Wanda ya ce faɗi sau uku kawai, shi zai rasa santimita 42. Saboda haka babu aibi a yin aiki da 22 bisa 7. Aibin yana wajen rubuta alamar daidai tsakaninta da π a allo shekara da shekaru ba tare da an ce wa yaro kusan ake nufi ba. Takardun WAEC da NECO kan ce a ɗauki π a matsayin 22 bisa 7 don sauƙaƙa aiki, kuma kalmar ɗauka ita kanta shaida ce cewa aro ne.

Yadda aka iso nan

Mutanen Babila sun san √2 da kusanci mai ban mamaki. Wani ƙaramin allon yumɓu nasu, da ya haura shekara 3,500 kuma yake ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka, ya ba da ita daidai har wajen alƙaluma shida bayan ɗigo. Girkawa ne suka gano, wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa kaso ba zai taɓa kama ta ba. Sai suka ƙi kiran irinta lamba, suka bar ta a matsayin tsawon layi, kuma a haka Uklidis ya yi bayaninta a kashi na goma na littafinsa.

Malaman daular Musulunci ne suka shigar da ita cikin lissafi sosai. Sun kira lambar kaso munɗaƙ, gagara-kaso kuma asammu. Abu Kamil na Masar, wanda ya rasu wajen 930, ya riƙa tara saiwoyi yana ninka su yana ba da su a matsayin amsa kamar kowace lamba. Umar Khayyam ya matsa gaba wajen ɗaukar gwargwadon tsawo biyu a matsayin lamba ko da ba su da ma'auni guda. A ƙasar Hausa ma an yi masu zurfi a ilimin lamba. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi, wato gidajen lambobin da jimillarsu ke zama ɗaya ta kowace fuska, aikin da ya tsaya a kan lambobin ƙidaya.

Ma'ana tsayayya ga lambobin haƙiƙa ba ta samu ba sai wajen 1872, lokacin da Richard Dedekind na Jamus ya bayyana wani abu da ya lura da shi. Tsakanin kowane kaso biyu akwai wani kason, komai kusancinsu, amma duk da wannan cunkoso akwai gurabe a layin. Cikin kason da suka fi sifiri, a ware waɗanda ninkinsu da kansu bai kai 2 ba a hagu, waɗanda suka wuce a dama, za a ga ba kason da ke zaune a kan iyakar. Gurbin nan shi ne √2. Gagara-kaso su ne masu cike gurabun.

Su wa suka fi yawa

Ɗalibi kan ɗauka gagara-kaso 'yan tsiraru ne, tunda biyu ko uku ake ambata masa. A 1874 Georg Cantor ya nuna akasin haka. Lambobin kaso ana iya jera su a sahu, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya sami lambarsa ko da sahun ba ya ƙarewa. Lambobin haƙiƙa ba sa jeruwa haka. A 1891 ya kawo hujja mai sauƙi: duk jerin da aka kawo, a gina sabuwar lamba da ta saɓa wa ta farko a alƙalami na farko bayan ɗigo, ta saɓa wa ta biyu a na biyu, haka har ƙarshe, sai ga lambar da ba ta cikin jerin. Tunda kaso na jeruwa, yawan da ya hana jeruwar daga gagara-kaso ya fito.

Su ma gagara-kaso sun rabu biyu. Akwai waɗanda ke fitowa a matsayin amsar tambayar aljabara mai cikakkun lambobi, kamar √2 da ke amsa tambayar wace lamba ce ninkinta da kanta 2. Akwai waɗanda suka wuce aljabara, ba irin wannan tambaya da ke fitar da su. Charles Hermite ya tabbatar a 1873 cewa lambar e, wato 2.71828..., mai bayyana a lissafin abin da ke haɓaka ba tsayawa, tana cikinsu. Ferdinand von Lindemann ya tabbatar da haka ga π a 1882. Har yau kuma masana ba su kafa hujjar ko jimillar π da e kaso ce ko gagara-kaso ba. Wannan ba abin mamaki ba ne in an tuna cewa haɗa gagara-kaso biyu ba ya tabbatar da komai: √2 sau √2 ya ba da 2 cikakkiya.

Saiwar −1 kuwa ba ta cikin lambobin haƙiƙa sam, domin ba lambar da ke kan layin da ninkinta da kanta zai sauka ƙasa da sifiri. Tana da nata babin.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Masu aikin hannu da injiniyoyi da dama na ganin bambancin nan na cikin littafi ne kawai. Hujjarsu tana da ƙarfi. Duk awon da aka yi da tef ko sikeli lambar kaso yake bayarwa. Kwamfuta da kalkuleta alƙaluma ƙididdigaggu suke riƙewa, don haka abin da suke nunawa a matsayin √2 kaso ne makusanci. Masu lissafin tafiyar kumbo a hukumar NASA alƙaluma 15 na π suke amfani da su. Ko cikin masana, Leopold Kronecker na Jamus ya yi adawa da aikin Cantor, yana ganin abin da ba a iya ginawa daga cikakkun lambobi a matakai ƙididdigaggu bai cancanci amincewa ba.

Amsar ɗaya ɓangaren ita ce, in an kori gagara-kaso, igiyar kusurwa ta zama ba ta da tsawo, da'ira ba ta da kewaye, kuma lissafin sauyi da injiniyan ke dogara da shi ya rasa tushe, domin a kan layi marar gurbi aka gina shi. Wannan amsa ta fi gamsarwa. Mai cewa 1.414 ta kusa, dole akwai abin da ta kusa da shi.

Wani saɓanin na littattafai ne, kuma ya fi shafar yankin kan iyaka. Littattafan Nijeriya galibi daga 1 suke fara lambobin ƙidaya, tsarin Faransanci da ake bi a makarantun Nijar kuwa daga sifiri yake farawa. Tsarin Faransanci yana kuma ware wani rukuni mai alamar D ga lambobin da ke ƙarewa bayan ɗigo, yana rubuta waƙafi inda Nijeriya ke sa ɗigo, wato 3,14 maimakon 3.14. Tun daga 2019 rashin tsaro ya tura dubban iyalai daga Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu zuwa jihar Maraɗi, don haka yaron da ya ɗanɗana ajin can da na nan ba abin mamaki ba ne. Ya kamata malaminsa ya san cewa wannan bambancin yarjejeniya ce ta rubutu. Iyakar da ke tsakanin kaso da gagara-kaso kuwa ɗaya ce a Tsibiri ta Nijar da Tsamaye ta Nijeriya, tunda hujja ce ta shata ta.

Sai batun harshe. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta sanar da janye tsarin. Masu goyon bayan Ingilishi na cewa da shi ake jarrabawa. Gaskiya ne, amma ba abin da ya hana malami ya yi bayanin hujjar shafa'i da wutiri da Hausa, sannan ya ba da sunayen da za a tarar a takardar jarrabawa.

Abin da ruɗanin ke jawowa

A makaranta, wanda bai rarrabe waɗannan rukunai ba zai sha wuya a babin saiwoyi na babbar sakandare, ya kuma tarar da su suna jiransa in ya shiga sashen kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ya shiga ya fito malami, kuskuren ya sami hanyar komawa aji.

A wajen makaranta illar ta fi fitowa ta hanyar gaggawar yanke lamba. Wayar hannu ta sa mutane da yawa suna mayar da kaso zuwa ɗigo kafin su yi lissafi. A ce gado naira miliyan 3 ne. Sulusinsa miliyan ɗaya cif. Wanda ya danna 0.33 zai ba da 990,000, ya tauye wa mai haƙƙi naira 10,000. Wanda ya ɗauki sudusi a matsayin 0.17 zai ba da 510,000 maimakon 500,000, ƙarin kuma daga kason wani magajin ya fito. Tunda sulusi da sudusi lambobin kaso ne, ba a buƙatar yanke su ko kaɗan: a raba dukiyar da asalin mas'ala, a ninka da rabon kowa, yadda malaman fara'id ke yi.

Gagara-kaso ce ba makawa sai an yanke ta, sai dai a san inda aka yanke da abin da aka bari. Mai awon gona da ya ɗauki √2 a matsayin 1.4 zai sa alamar kusurwar hekta a mita 140, kusan mita ɗaya da rabi kafin inda ya dace, kuma a fadamar Rima ƙasa da haka ma na iya kai maƙwabta gaban hakimi. In ya ɗauki 1.414, kuskurensa a gonar bai kai santimita 3 ba.